Abin da Na Zuba Bayan Inji

Ran Talata suka iso Gagarawa,
su huɗu, da naɗin waya ja da baƙa.
Ina zaune gindin tsamiyar da ta saura
a filin da injin gyaɗa ya ci zamaninsa.
Tumfafiya ke gadi yanzu,
awaki na tuƙa kan dakalin sikeli,
jiniyar da ke tada gari tsatsa ta gama cinyewa.

Shugabarsu yarinya ce, Hansatu,
hular kwano bisa ɗankwali, littafi a hammata.
Suka kafa turakun ƙarfe a jere, suka jona batir,
wai wuta za ta sauka
ta tambayo ƙasa abin da ke cikinta.
Na ce, ikon Allah!
Mu Mati mai rijiya muka sani,
ya lasa ƙasa, ya ce nan gaba tara akwai ruwa.

Kwana uku sai ga motar haƙa.
Duk tsayin bututu guda, ta ɗebi abin da ya fito
ta tara kan buhu, tsibi-tsibi, kamar mai tallan yaji:
ga jigawa fara, wadda muka sani,
ga marmara ja,
ga rairayi mai laushin garin tuwo.
Ita na ƙirga mita, ni ina ƙirga gaba,
lissafinmu kuma yana haɗuwa.

A tsibi na biyar hannunta ya tsaya.
Ƙasar ta fito baƙa, tana maiƙo.
Ta kai hanci. Ta dubi yaranta.
Ni ban matsa ba.
Warin nan shekara sha tara yana bi na gida,
Ladidi ta koma ga Allah tana wankewa.

Ni ne Barau mai mai.
Ni nake juye wa inji baƙin mai ƙarshen wata,
in gangara da duro bayan katanga,
in tuntsurar a rami, in rufa da ɓawon gyaɗa.
Manaja ya ce ƙasa ba ta ƙoshi.
Na yarda, albashina na hannunsa.
Da safe in ga wurin ya bushe, in ce ta shanye.
Ashe ajiya na ba ta,
ita kuwa ba ta cin amana, ba ta mantuwa.

Na tashi da sandata.
Na ce, 'yata, nan jelarsa ce, kan yana can.
Na kai ta inda ko kargo ya ƙi tsirowa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi.
Ta tambayi duro nawa, shekara nawa,
ta ina ruwan damina ke bi,
rijiyar wa ce can gabas.
Na ce, ta gidan ɗana Ilu.
Nan alƙalaminta ya ɗan yi jinkirin motsawa.

Suka ci gaba da haƙa.
Ƙasan baƙin sai yumɓu, toka-toka, mai danƙo,
gaba huɗu cur, har inji na nishi.
Ta ce, Baba, wannan ne faifan da ya rufe tukunya,
in dai bai tsage ba.
Ƙarƙashinsa yashi da tsakuwa masu sheƙi,
sai ruwa ya taso da feshi,
yara na ihu, suna kutsawa.

Kwalba shida ta cika, kowace da takardarta,
ta sa a akwatin ƙanƙara, za su Kano.
Amsa sai mako uku.
Kafin nan, ta ce, a bar ta Ilu ga wanki.

Yau kwana tara.
Da asuba nakan karɓe jarkoki daga hannun jikata Tasalla,
in tura baro famfon tasha.
Mutane na cewa tsoho ya sami motsa jini.
Nakan ratsa ta filin,
in durƙusa kan bututun da suka sa wa shuɗin murfi,
in kara kunne.
Ba a jin komai.
Can ƙasa dai abu biyu na kwance, yumɓu a tsakani,
ɗaya nawa ne, ɗaya na Mai bayarwa.